Gefen Shafi: Daga Tawadar Gwandu Zuwa Wuƙar Maɗaba'a

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin rubutun hannu na ƙasar Gwandu zai lura rubutun ba ya cika takardar. Mai rubutu yakan tattara layukansa a tsakiya, ya bar fili sama da ƙasa da gefe da gefe, faɗin yatsa uku ko fiye. Takardar kuwa da tsada take zuwa. A arewacin Italiya ake yin yawancinta, a gidajen sana'a irin na iyalin Galvani da ke Pordenone, ta ƙetare Bahar Rum zuwa Tarabulus ko Alƙahira, sannan ta hau raƙumi. In ka ɗaga ta ka haska da rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku kwance cikin jikinta. Bajamushen matafiyin nan Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya tarar da irinta cikin hajar kasuwar Kano a 1851. A 1853 ya sauka Gwandu zamanin Sarki Halilu, a nan aka ara masa Tarihus Sudan, ya duƙufa yana kwafar abin da ya sawwaƙa kafin ya wuce Birnin Kebbi ya nufi Sayi. Garin da baƙo zai samu tarihin Tumbutu a hannun mutanensa ya san darajar takarda. Duk da haka malamansa kan bar wani lokaci kusan rabin shafi fari fat.

Ni sana'ata shirya shafi a kwamfuta kafin a kai shi inji. A Birnin Kebbi nake aiki, gidanmu Argungu. Rabin rigimar da nake yi da masu kawo aiki a kan gefen shafi take, domin a ganinsu wurin da babu rubutu asara ne. Ni kuwa gani nake ana iya karanta tarihin sana'armu kaf daga wannan ɗan filin, in aka bi ana tambaya wa ke tsayar da faɗinsa, kuma don wa aka bar shi.

A zamanin alƙalamin kara mutum ɗaya ne ke da ikon shafi baki ɗaya. Shi zai naɗe babbar takarda ya tsaga ta da wuƙarsa, shi zai auna inda layi zai fara da inda zai tsaya, shi zai dama tawada da ƙaro. Littafin ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a haɗa su cikin tadarishi, a ɗaure da igiyar fata, a zura cikin gafaka. Malami na iya zare warƙa goma ya ba wannan ɗalibi, ya zare wasu ya ba wancan. To, littafin da ba ɗinki ba lambar shafi, yaya ake mayar da shi daidai in ya watse? A gefe amsar take. A ƙasan bayan kowace warƙa, can kusurwar hagu, mai rubutu kan sa kalmar farko ta warƙar da ke biye. In gara ta ci wannan kusurwa, sai wanda ya haddace littafin ne zai iya jera shi.

Akwai Risala ta kakana da ke hannun baffana a Argungu. Layukan shafinta ba su da yawa, an buɗa tsakaninsu da gangan. Gefen kuwa cike yake maƙil. Akwai rubutu da baƙar tawada mai kauri, hannun wanda ya kwafe littafin ne yana cike kalmar da ya tsallake, ya rufe da ƙaramar alamar sahha don mai karatu ya san gyara ne ingantacce. Akwai wani siririn hannu da tawadarsa ta koma ja-ja, yana fassara kalmomi masu wuya da ajami. Wani kuma da wuri ya ƙure masa sai ya juya takardar ya ci gaba a karkace, har sai ka karkata kai kafin ka karanta. Hannu uku ne aƙalla, kuma babu mamaki masu su ba su taɓa ganin juna ba. A Alƙur'ani ma gefen nan ne mazaunin izu da nusufi da rubu'i da sumuni da alamar sujada, nan mai zayyana ke nuna gwanintarsa da ja da rawaya. Matanin littafi iri ɗaya ne daga nan har Fas. Abin da ke gefe shi ne namu, shi ke nuna yadda aka karantar da littafin a zauren wane, da wane harshe, da inda ɗalibai suka saba yin tuntuɓe.

Haka littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka yi ta yawo tun kafin rasuwarsa a 1829, daga Tazyinul Waraƙat da ya haɗa a 1813 har zuwa babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awil, kowane kwafi da gefensa da mutanensa. Sai a 1961 aka buga tafsirin da inji a Alƙahira. Masu maɗaba'un Masar, irin su gidan Mustafa Babil Halabi da littattafansa masu rawayar takarda suka cika zaurukanmu, sun san darajar gefe, amma da wata siga. Su sukan ja layi su zagaye shafi, su sa dogon sharhi a ciki, su tura gajeren littafin da ake yi wa sharhin zuwa gefe. Duba Hashiyar Sawi a kan Jalalaini ko ta Adawi a kan sharhin Risala za ka gani. Gefen ya zo a cike tun daga maɗaba'a, ɗalibin Gwandu ko Jega sai dai ya nemi ɗan saƙo tsakanin layuka ya cusa nasa.

Ta ɓangaren boko kuwa labarin daga Zariya ya taso. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East, gasar 1933 ta haifar da su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Injin wancan zamani da baƙaƙen dalma yake aiki. Ana jera su ɗaya bayan ɗaya cikin firam na ƙarfe, a cike kewayen da guntayen katako da ƙarfe waɗanda ba su kai tsawon baƙaƙen ba, a ɗaure tam. Inda katakon nan yake tawada ba ta taɓa takarda, shi ne farin gefe. Wato a lokacin gefe abu ne da ake ɗauka da hannu a aza, yana da nauyi, ana ajiye shi cikin durowa. Tsofaffin bugun Zariya da suka rage a ɗakunan karatun makarantu suna da sararin da ido ke hutawa a kai, da wurin da babban yatsa zai dafa ba tare da ya rufe kalma ba. Sai dai an riga an raba aikin. Marubuci daban, mai jera baƙi daban, mai yanka daban. Mai karatu kuma aka koya masa cewa rubutu a gefen littafi ɓarna ce, har bulala ake yi a kai a firamare.

Da injin ofset ya shigo, wanda ke ɗaukar hoton shafi ya mayar da shi kan faranti, sai wani abin alheri ya faru a Kano. Aka riƙa ɗaukar rubutun hannun gwanaye irin su Sharu Bala Gabari ana bugawa dubbai, ana sayarwa a Kurmi, 'yan kasuwa na kawowa har kasuwar Jega da Argungu. Mahaddacin da idonsa ya saba da rubutun warshu irin namu ya samu Alƙur'ani mai araha da izunsa a gefe inda ya san shi. Amma kuɗin takarda bai bar mu mun more ba. Masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, darajar naira ta faɗi daga 1986, kowane rim sai an shigo da shi. Wanda ya karanta littattafan soyayya na Kano na shekarun 1990 ya ga sakamakon da idonsa. Rubutu ya matso har bakin takarda, domin duk layin da aka ƙara a shafi ragin kuɗi ne a ƙarshen littafi. Ga kuma wata matsala ta littafin da aka naɗe biyu aka danne da waya a tsakiya: warƙoƙin ciki sukan turo waje fiye da na baya, in aka daidaita bakin da wuƙa su ke fin cin yanka. Shi ya sa a tsakiyar littafin, daidai inda labari ya yi daɗi, za ka tarar an aske baƙin da ke bakin takarda a kowane layi. Ban ga laifin marubutan ba. Da kuɗin aljihunsu suka buga, kuma sun sa mata da matasa karatun Hausa fiye da yadda wata hukuma ta taɓa yi.

Mu a nan, sana'ar ta tashi sosai ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991. Kafin nan aikin ɗab'i mai ɗan nauyi Sakkwato ake kai shi, ko Zariya ko Kaduna. Sabuwar jiha na bukatar takardun ofis masu tambari, da fom, da rasit, da kalanda. Dawowar siyasa a 1999 ta kawo fosta. Kafin ka ce me, shagunan kwamfuta sun jeru, yara sun koyi CorelDRAW a wajen junansu, ba makaranta ba littafi. Sun iya launi, sun iya cire mutum daga hoto su dasa shi gaban Ka'aba ko gaban fadar Abdullahi Fodiyo. Abin da ba a koya musu ba shi ne abin da ke faruwa da takarda bayan ta bar allon kwamfuta.

Wanda ya koya mini wani dattijo ne mai aikin injin yanka, ya yi ƙuruciyarsa a maɗaba'un Kaduna. Ban taɓa ganin ya taɓa kwamfuta ba. Yakan ɗauki damin takarda ɗari biyar, ya lanƙwasa shi iska ta shiga tsakani, ya buga gefensa a kan tebur har ya daidaita, ya tura shi ya jingina da ma'aunin baya. Sai ya taka feda ƙarfen dannewa ya sauko ya matse damin. Maɓallan wuƙar biyu ne, nesa da juna, dole sai da hannu biyu ake danna su, don kada hannu ɗaya ya rage a ƙarƙashi. Wuƙar ta sauko a karkace, shap, siraran tarkace su zube. Ya zaro ta sama da ta ƙasan damin ya haɗa mini su a hannu. Ba su zo daidai ba, akwai bambancin da bai kai kaurin farce ba.

“Ɗana, ka gani? Wuƙa ba ta karatu. Inda ta faɗa nan ta ci. Kai ka san haka, kai za ka bar mata nata.”

Takarda tana motsi a cikin injin bugawa, tana shan danshi ta buɗe, damin yana ɗan zamewa a ƙarƙashin wuƙa. Kuskuren milimita ɗaya ba gazawar kowa ba ne. Muddin gefen shafi fari ne, ba mai lura. Matsalar ta taso ne da muka fara son hoto ya cika takarda har baki. Ɗauki bangon littafin shirye-shiryen bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Kowa hoto ɗaya yake so: kogin Matan Fada ya cika da masunta, gora da homa ko'ina, ruwa daga wannan baki zuwa wancan. In mai zane ya tsayar da hoton daidai kan iyakar shafi, wuƙa ta kauce waje da milimita ɗaya, sai ka ga wani farin zare ya bi gefen ruwan daga sama har ƙasa. Ba za ka iya daina ganinsa ba. In kuma mai yanka ya ce bari ya shiga ciki don ya kashe zaren, sai ya ci sunan mai girma babban baƙo da aka manna a bakin shafi.

Maganin shi ne irin na tela, wanda ba ya yanka yadi daidai awon jiki sai ya bar na ɗinki. Ana miƙa hoto ko launi ya zarce iyakar shafi da milimita 3 ta kowane gefe, a Amurka kashi ɗaya cikin takwas na inci. Masu inji na ce masa bilid, ni rara nake ce wa yarana. Shafin A4 milimita 210 ne da 297, da rara ya zama 216 da 303. Dalilin ke nan da ake da takarda mai suna SRA3, mai 320 da 450: shafi biyu na A4 na shiga cikinta da rararsu da 'yan layukan kusurwa da ke nuna wa mai yanka inda zai sauke wuƙa, alhali A3 ta yau da kullum, mai 297 da 420, ba ta bar ko tsinke ba. Ta ciki kuma ana ja da duk wani rubutu baya da kamar milimita 5 daga bakin yanka. Injin ofset ma yana da nasa haƙƙin, wajen santimita ɗaya a gefen da haƙoransa ke cafkar takarda, inda tawada ba ta sauka.

Yanzu ga inda tazara ta shigo. Babban aiki mai launi, irin kalandar masarauta ko fosta dubu hamsin, har yau yakan tafi Kaduna ko Kano ko Shomolu a Legas. Mai zane yana Birnin Kebbi, mai faranti da mai yanka suna can, ba su san juna ba, kaya sai dai a karɓa a tasha. Abin da mai rubutun Gwandu ke riƙe da shi a kansa, yanzu dole fayil ya faɗe shi da bakinsa. Kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, kuma daga 1999 fayil ɗin ya iya ɗaukar iyaka har biyar a shafi guda, waɗanda ba a ganinsu sai an nema. Mafi girma ita ce iyakar takardar baki ɗaya, da ke ɗauke da alamomin yanka da na launi. Cikinta akwai iyakar rara. Cikin wannan akwai iyakar yanka, wadda ita ce ainihin girman abin da zai iso hannun mai karatu, kuma da ita manhajar maɗaba'a ke jera shafuka 8 ko 16 a kan faranti ɗaya. Sauran biyun, ta abin da allo zai nuna da ta kewayen zane, ba su cika damun mu ba, sai dai ta allon tana yaudara, domin takan ɓoye rarar mutum ya ɗauka babu. A 2001 aka tsayar da ƙa'idar duniya ta PDF/X-1a, wadda ta wajabta a bayyana iyakar aikin a kuma cusa baƙaƙen rubutu cikin fayil. Wannan na biyun ya shafe mu ƙwarai, don shi ke hana ƙ da ɗ da ɓ rikiɗewa su koma akwatuna a injin wanda bai san Hausa ba.

Duk wannan tanadi yakan rushe a wuri ɗaya. Yaro ya gama zane, ya mayar da shi hoto, ya tura ta WhatsApp. Manhajar ta matse hoton, iyakokin nan biyar sun tafi, can maɗaba'a sai su ja hoton ya ƙara girma kaɗan don su ƙirƙiri rarar da babu. Katin ɗaurin aure ya dawo an gutsure lambar waya. Akwai kuma wadda ta fi ba ni haushi. Manhajojin nan an gina su ne a kan littafin da ake karantawa daga hagu, filin ɗinki a hagu yake tun asali. Ɗaliban kwalejin kimiyya ta Waziri Umaru ko ta ilimi ta Adamu Augie sun san a bar wajen inci ɗaya da rabi a hagu don ɗaurin kundin kammala karatu. Amma in malamin Islamiyya ya kawo littafin Larabci ko ajami, wanda ɗaurinsa a dama yake, ba kowane yaro ke tuna ya juya ba. Sai injin huda ya bi farkon kowane layi yana cin harafi.

Wannan duka ana iya sake bugawa, kuɗi ne kawai. Wanda ba ya dawowa shi ne gefen tsofaffin littattafan. A gidajen Gwandu da Ambursa da Kalgo da Birnin Kebbi da Argungu akwai gafakoki da ba a taɓa lissafa abin da ke cikinsu ba, kuma jikoki sun fara son adana su, abin a yaba. Sai dai injin hoto na shago ba ya kaiwa bakin takarda, yakan bar milimita huɗu ko biyar. Manhajar waya kuwa da kanta take neman inda rubutu ya taru ta datse sauran, tana ganin ta yi gyara. Ta haka kalmar kusurwa ke tafiya, fassarar ajami ta rabu biyu, alamar sahha ta ɓace a bar kuskuren da aka riga aka gyara shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Masu ɗaure littattafai a Turai sun yi irin wannan ɓarna ƙarni da ƙarni, suna aske gefen tsofaffin littattafai don baki ya yi sumul, yanzu masanansu na cizon yatsa. Shi ya sa a gidajen adana tarihi ake ɗaukar hoton warƙa gaba ɗayanta a kan baƙin ƙyalle, da ɗan fili a kewaye da ma'auni a gefe, har inda ta yage ya fito. Ina fatan duk mai niyyar kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Kanta a Argungu, ko Arewa House a Kaduna, ya nemi a yi masa haka.

In aka kawo mini irin wannan littafi a ce a buga don ɗalibai, ba na ba shi rara ko kaɗan. Nakan rage girman hoton har warƙar duka, da yagaggen bakinta da tabon ruwanta, ta zauna cikin iyakar da wuƙa ba ta isa, sannan in ƙara farin fili a kewaye, santimita biyu ko uku, don wanda zai yi karatu a gaban malami ya samu inda zai rubuta nasa. Hakan na nufin takarda mai girma, kuma kuɗin aiki na ƙaruwa. Nakan buɗe shafi biyu a allo, mai datsattsen gefe da cikakke, in ce, “Allah gafarta Malam, dubi abin da za mu zubar.” Wasu su yi shiru su ƙirga kuɗin aljihunsu su ce a yi cikakken, a rage yawan kwafi. Wasu su naɗe gafakarsu su tafi shagon gaba.